Kwamfutar da Ta Iya Gaisuwa

Baba Tsaya-Haka ne ya fara ganin abin, kafin ɗansa, kafin Injiniya, kafin duk masu karatun da ke layin nan. Wannan ba abin musu ba ne. Shi ya sa da safiyar nan, lokacin da Injiniya ta durƙusa ƙarƙashin teburin shagon hotonsa ta kara kunne a jikin kwamfuta, shi yana tsaye a kanta, hannu a ƙugu, yana maimaita mata cewa shi fa tun kafin faɗuwar damina ya faɗa, ba a ji ba ne kawai.

Injiniya ta ci gaba da sauraron kwamfutar. Shagonta na gyaran waya da kwamfuta yana tsallaken titi, kuma ta daɗe da sanin cewa in Baba ya fara magana, a bar shi ya kai aya. Cikin kwamfutar wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera ya maƙale a gwangwani. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ce masa faifai biyu ne a ciki. Ƙaramin da ke tayar da kwamfutar lafiyarsa ƙalau. Babban da ke ɗauke da hotuna, shi ne mai wannan kukan, kuma faifan da ya fara irin wannan kuka ba ya komawa aiki.

Baba ya yi murmushin da yake yi wa yaro mai tsoron kyamara. Mutumin da gobarar kasuwa ta cinye masa shago ya fito da gwangwanayen nagatif, wato fim ɗin hotuna, a ka, gira a babbake. Mutumin da mota ta kifa da shi ya tashi yana tambayar ina kyamararsa kafin ya tambayi ina haƙoransa. Mutumin da likita ya tsaga masa ciki ya ce a kira 'yan uwa, amma ya tashi ya ɗauki likitan hoto, wai shi za a tsorata da mutuwar faifai? Fiye da shekara hamsin yana ce wa mutane "tsaya haka" har ya zame masa suna, kuma a duk tsawon shekarun nan fuska ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Bai yi makaranta ba, sunansa ma da ƙyar yake zanawa, amma in aka zo maganar fuska, masu digiri su koma gefe.

Ya nuna mata ɗan baƙin akwatin da ke kan kanta, wanda waya ta haɗa da kwamfutar. Ya ce komai nasa wuri biyu yake. Ya ce ta buɗe wancan ta ciro wa baiwar Allahn nan da ke zaune hoton mahaifiyarta, ta daɗe tana jira.

Baiwar Allahn tana zaune a kan bencin masu jira, jaka a kan cinya, hannu biyu a kan jaka. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Ruwa ne ya shiga gidanta ya jiƙa komai, har da hoto ɗaya tilo da mahaifiyarta ta taɓa ɗauka a duniya. Da ta ɗaga shi daga ƙasa, fuskar ta biyo gilashin ta narke. A wannan shagon aka ɗauki hoton, tun Sista tana 'yar makarantar koyon jinya. Jiya da yamma ta zo tana tambaya a ɗarare, Baba kuwa ya bugi ƙirji ya ce ta dawo da safe ta karɓi uwarta sabuwa fil. Da safen ne kwamfutar ta fara kuka.

Yadda hotunan suka shiga kwamfuta, aikin Auta ne, ɗan Baba na ƙarshe, wanda shi kaɗai ya gaji sana'ar a cikin 'ya'yan. Shi ya zauna wata da watanni yana sa nagatif ɗaya bayan ɗaya a na'ura yana kwashe su. Da ya gama, sai ya fara lallashin uban: nagatif ɗin sun fara wari, sun fara manne wa juna, ɗakin wanke hoto ya zama gidan kyankyaso, ga shi kuma shi yana neman wurin da zai riƙa haɗa bidiyon taro da yake ɗauka. Baba ya ƙi, ya ƙi, ya ƙi. Abin da ya karya shi, Auta ya sayo baƙin akwatin nan, ya rubuta wasu umarni, ya nuna masa: kullum da yamma kafin a rufe shago, a danna nan, baƙin allo zai buɗe, kwamfuta za ta kwafe komai ta zuba a akwati, sannan ta ba da labari. In kore ya fito, lafiya. In ja ya fito, a kira shi. Ranar da masu shara suka kwashe gwangwanayen da ya fitar daga wuta a kansa, Baba bai zo shago ba. Ya ce zazzaɓi ne.

Abu ɗaya ne bai yi masa ba a tsarin. Kwamfutar ba ta da ladabi. Sai dai kawai ta watso labari a fuskar mutum, ba sannu ba komai, kamar ɗan sanda. Baba ya ce a shagonsa ko mai sayar da ruwa sai ya gaishe shi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, balle wata aba da shi ya saya da guminsa. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zauna ya ƙara layi ɗaya. Daga ranar, kafin koren rubutu ya fito, sai allon ya rubuta: Barka da yamma, Baba, sannu da aiki. Baba bai iya karatu ba, amma ya haddace siffar sunansa, kuma yakan amsa. Har maƙwabta yake kira su zo su ga kwamfutar da ta iya gaisuwa. Telan da ke kusa ya ce ta fi 'ya'yansa tarbiyya.

Injiniya ta ja kujera ta zauna. Ta nemi akwatin a cikin kwamfutar, kwamfutar ta ce ba ta san wani akwati ba. Ta canza waya, ta canza rami, ta kashe ta kunna. Shiru. Ta tambayi Baba yaushe rabon da ya ga kore. Ya ce jiya, da idonsa, bayan tafiyar Sista. Ta ɗaga gira ta danna wurin da yake dannawa. Baƙin allo ya buɗe, ya ɗan yi jim, ya gaida Baba da yamma alhali rana ko tsaka ba ta yi ba, sannan kore ya fito shar: an adana komai lafiya.

Baba ya waiwaya ya kalli Sista, irin kallon kin gani ko.

Injiniya ta miƙa hannu ta zare wayar akwatin gaba ɗaya, ta ɗaga bakin wayar sama yadda kowa zai gani, ta sake dannawa da ɗaya hannun. Allon ya sake gaisuwa. Kore ya sake fitowa.

"Baba, wannan ko shagon ne ya ƙone, lafiya za ta ce maka."

Baba ya ce ai abin da yake faɗa ke nan. Akwatin yana da 'yar fitila shuɗiya a goshi. A da, in aka danna, sai ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar idon mai jin barci yana yaƙi da shi. Wata rana ya lura ta daina. Tana kunne, amma ta ƙafe, kamar idon kifi a faranti. Ya gaya wa Auta. Ya sake gaya masa. Ya gaya wa tela, ya gaya wa mai aski, har ita Injiniyar ya taɓa tsayar da ita a bakin titi ya gaya mata, ta ce in dai kore yana fitowa ya kwantar da hankalinsa. Injiniya ta sunkuyar da kai, don ta tuna.

Ta buɗe umarnin da Auta ya rubuta. Duka-duka bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta bi shi da yatsa tana motsa leɓe. Da farko ta zaci sunan wurin ajiyar aka rubuta ba daidai ba, ta duba, daidai yake. Ta zaci kwamfutar ce aka hana izinin rubutu a akwatin, ta duba, ba haka ba ne. Ta ga inda aka ce duk wani ƙorafi da kwamfutar za ta yi a zuba shi a rami kada ya fito a allo, ta tambaya, Baba ya ce e, shi ya ce ba ya son tarkacen rubutun nan da ke gudu kamar tururuwa. Ta ce wannan ma ba shi ne ciwon ba, don ko an toshe ƙorafi, ja ya kamata ya fito.

Sai ta bar umarnin ta koma yi da hannu. Ta rubuta wa baƙin allon cewa ya kwafe hotuna zuwa akwati. Nan take ta bi shi da wata 'yar tambaya, echo $?, alamar dala da alamar tambaya manne da juna. Lamba ta fito, kuma ba sifili ba ce. Ta ce yawwa, ga gaskiya nan. Ta bayyana wa Baba cewa a wurin kwamfuta sifili shi ne lafiya lau, duk wata lamba kuwa matsala ce. Baba ya ce wannan ai duniyar ragwaye ce, inda mai sifili shi ne ya ci jarrabawa. Sista ta ɗan yi murmushi, na ƙarshe da ta yi a shagon.

Injiniya ta sake sa shi ya kwafe, ya sake kasawa. Amma wannan karon kafin ta yi tambayar, sai ta rubuta gaisuwar nan ta Baba a tsakani. Sannan ta tambaya. Sifili.

Dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, ta haɗiye ta da ta haɗa ido da Sista. Ta juyo da kujerar ta fuskanci Baba, ta yi masa bayani a hankali yadda ake yi wa babba. Wannan alama ta $? kamar ɗan aljihu ce da kwamfuta ke jefa amsar aikin da ta gama yanzu-yanzu. Amsa ɗaya kawai yake ɗauka, ta aikin ƙarshe. Duk sabon aikin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, sai ya zubar da tsohuwar amsa ya sa tasa. Ta ce ya ɗauka ya aiki mutum ya kai kaya, mutumin ya faɗi da kayan a kwata, ya dawo zai faɗa. Kafin ya buɗe baki sai wani ya sha gabansa ya durƙusa ya gaishe shi. Shi kuma Baba ya tambaya, yaya, an yi? Mai gaisuwar ya ce an yi lafiya, domin shi gaisuwa aka sa shi, kuma ya yi ta. Auta ya sa layin gaisuwar ne tsakanin kwafewa da tambaya. Tun daga ranar, koren da Baba yake gani ba labarin hotuna yake ba shi ba. Labarin gaisuwa yake ba shi, cewa an gaishe shi lafiya.

Baba ya tambaye ta ko yanzu gaida babba ya zama laifi ne. Ta ce ko kaɗan. Da an fara ɗauke amsar an ajiye ta a wani suna daban, sai a yi gaisuwa har gobe ba abin da zai ɓaci. Kuskure ne da masu wannan aiki ke yi kullum, ita ma ta taɓa yi. Sannan ta ƙara wata magana da ta sa Baba ya ɗan sami numfashi: kuskuren nan baki kawai yake toshewa, ba ya goge hoto. Duk abin da aka kwafe kafin fitilar ta ƙafe yana nan a akwatin. Hoton mahaifiyar Sista tsoho ne, tun zubin farko ya shiga. Ƙila ɗan allon lantarkin da ke cikin akwatin ne ya ƙone, sai a ciro faifan a haɗa shi kai tsaye.

Ta miƙa hannu biyu za ta ɗauko akwatin, ta ɗaga shi da ƙarfin da ta saba, sai ya taso sama fiye da yadda ta nufa.

Baba ya gani. Mutumin da ya shekara hamsin yana karanta fuska ba sai an gaya masa ba. Ta ajiye akwatin a hankali, ta juya shi, ta duba kusoshin. Kawunansu sun sha sukuddireba, fentin ya goge, ƙarfen yana ƙyalli. Ta kwance su ta ɗaga murfin. Ƙura ce a ciki, da gawar wani ƙwaro, da bakin waya da aka naɗe da baƙin salatif tsaf-tsaf don kada ta riƙa kaɗawa. Inda faifai ya kamata ya zauna, babu komai. 'Yar fitilar kawai ce ke shan wuta tana haske a kan wofi.

Ɓarawo ba ya naɗe waya da salatif. Ɓarawo ba ya mayar da kusoshi. Kuma mutum biyu ne kawai ke da makullin shagon.

Baba ya ce wa Injiniya ta kira masa Auta a waya, don shi in ya kira muryarsa za ta tona shi. Kafin ya iso, Sista ta ce ko ta je ta dawo, Baba ya ce ta zauna, hakkinta ne ta ji. Ya ɗauki tsumma yana goge gilashin kanta wanda ba abin da ya same shi. A waje masu babur suna ta hon, mai aski ya ƙure rediyo, rana ta hau bangon da aka zana wa furanni da labule don masu ɗaukar hoto.

Auta ya shigo da jakar kyamara a kafaɗa, hular kwano a hannu, yana zufa. Ya ga akwatin a buɗe a kan tebur, sai tafiyarsa ta canza. Ya rage tsawo zai gaida uban.

"Bar gaisuwar," in ji Baba. "Yau na ƙoshi da ita."

Auta ya fara zuba bayani, irin wanda aka daɗe ana shiryawa a zuci. Wani babban aiki ne ya samu, taron kwana da kwanaki, kyamara uku, nasa faifan ya cika a tsakiyar aiki, mai aikin kuma ba ya jin haƙuri. Aro kawai ya yi. Ya goge abin da ke kai ne don ya san asalin yana cikin kwamfuta, niyyarsa in ya gama ya mayar ya sake kwafewa, aikin yini ɗaya. Sai wani aikin ya biyo, sai wani. Kullum yana cewa wannan makon. Ya rantse har ya yi cinikin sabon faifai, ya fi wancan girma. Wa zai ce na cikin kwamfutar zai mutu yanzu, faifan da bai daɗe ba?

Baba ya bar shi har ya gaji don kansa. Aro bai dame shi ba, yaro ya ɗauki kayan ubansa ba yau aka fara ba. Tambaya ɗaya ce ke cinsa.

"Da ka cire shi, ba ka ji tsoron ja zai fito da yamma ba?"

Auta ya kalli Injiniya, ita kuwa ta kalli allo.

"Ka san ba zai fito ba."

"Na sani, Baba."

Ya faɗa da ƙaramar murya cewa ya gano ne da daɗewa, wata rana da mai shara ta ture wayar ta zare, aka danna, kore ya fito. Ya duba ya ga inda ya yi kuskuren. Gyaran bai fi a matsar da layi ɗaya ba. Ya ce zai gyara, bai gyara ba. Da ya matsu da faifai, sai ya tuna.

Wato ba kwamfuta ce ta yi wa Baba ƙarya ba. Ita abin da aka tambaye ta take amsawa. Ɗansa ne ya ga rami a ƙofar ɗaki, maimakon ya cike, sai ya shimfiɗa tabarma a kai. Kullum da yamma Auta yana tsaye a bayansa yana jin yadda yake amsa gaisuwar allo, yana jin yadda yake cewa madalla in kore ya fito, wani lokaci har shi ke tuna masa cewa bai danna ba yau.

"Da na ce maka fitilar ta daina ƙiftawa, me ka ce mini?"

Baba ya amsa masa da kansa a gaban matan biyu. Cewa Auta ya yi idon Baba ne ya fara rauni. Ya faɗa sau ɗaya Baba ya zage shi, ya faɗa sau biyu Baba ya yi shiru, har Auta ya ɗauke shi a babur ya kai shi wurin masu gwada ido, ya zauna kusa da shi yana riƙe masa hula, ya biya kuɗin tabarau da kansa. Baba ya yi ta yawo a layin yana nuna tabarau yana cewa Autansa ne ya saya masa. Kuma tun daga lokacin, in zai ɗauki hoto sai ya kira yaron ya leƙa masa ko ya fita sosai, shi da ya koya wa rabin masu hoton garin yadda ake riƙe kyamara. Ya cire tabaran ya naɗe ya ajiye cikin akwatin da babu faifai. Tabaran ya zauna daidai, kamar don shi aka yi wurin.

Auta ya fara hawaye, ya ce a yafe masa, bai yi nufin haka ba. Baba ya ce ya sani. Da nufi ya yi, da abin ya fi sauƙi.

Injiniya ta tambayi inda faifan yake da kuma sau nawa aka cika shi aka goge tun lokacin. Da ta ji amsa, ta ce a kawo ta gwada, amma kada kowa ya sa rai. Abin da aka rubuta bidiyo a kansa sau da yawa ya tafi. Ƙila a tsinci 'yan gutsattsari, rabin fuska, gefen riga. Wanda ya mutu a cikin kwamfuta kuma akwai masu buɗe irinsa a wani gari mai nisa, wani lokaci a dace, yawanci ba a dacewa.

Saura Sista. Baba ya taɓa gaya wa mutane cewa hotonsu bai yi kyau ba, ya taɓa gaya musu cewa ba a gama ba, amma kalmar babu ba ta taɓa fita daga bakinsa a shagon nan ba. Ya ja kujerar masu ɗaukar hoto ya zauna a gabanta. Sai ya ji bakinsa ya kama wata hanya. Ya ce ya tuna mahaifiyarta sarai. Doguwa ce, mai wushirya, ta ƙi yin murmushi don kada wushiryar ta fito, sai da ya yi kamar zai faɗi daga kan akwatin da yake takawa sannan ta saki fuska, shi kuwa ya danna. Agogon da ke hannunta ya yi mata yawa, na aro ne, tana ta tura shi sama. Hannunta ɗaya yana kan kafaɗar wata siririyar yarinya mai fararen kaya.

Sista ta gyaɗa kai. Ta ce agogon na maƙwabciyarsu ne.

"Ni na san fuskarta, Baba. Jikokina ne ba su sani ba."

Ta miƙe, ta gyara jakarta, ta yi wa Injiniya sannu da ƙoƙari, ta yi wa Baba godiya kamar ya ba ta wani abu. Da ta zo wucewa ta gaban Auta ta ɗan tsaya, sannan ta fita. Baba ya bi bayanta da kallo har ta tsallaka titi. Da wuta ce ta ci hoton, da ya san abin da zai ce mata. Da ruwa ne, ita ma ta san ruwa.

Ya ce wa Auta ya je ya kawo faifan ya kai shagon Injiniya, ba nan ba. Ya ce kuma makullin da ke aljihunsa ya ajiye a kan kanta kafin ya fita. Kayan bidiyonsa da ke ɗakin baya, ya zo ya kwashe ranar da shagon yake a buɗe, kamar kowane baƙo. Bai ɗaga murya ba. Auta ya daɗe yana fama da zoben makullin, farcensa yana zamewa, uban yana kallonsa bai taimake shi ba.

Bayan ya fita, Injiniya ta koma kan umarnin, don ita ba ta iya barin abu a karkace. Ta sa a ɗauke amsar kwafewa a ajiye ta nan take kafin komai ya biyo baya, ta buɗe ramin da ake zuba ƙorafi, ta danna. Ja ya cika allon. Baba ya daɗe yana kallonsa. Bai taɓa ganin jan ba sai yau, ashe ma kyakkyawan ja ne. Ta ce yanzu gaisuwar ba za ta ƙara ɓata komai ba, ta bar masa ita?

"Cire ta. In tana da labari ta faɗa, ni na san sunana."

Kowa ya zaci zai rufe shago ya tafi gida ya kwanta, irin zazzaɓin nan nasa. Tela har ya leƙo zai raka shi. Sai suka ga ya buɗe durowa ya ɗauko kyamara ya rataya a wuya, ya ɗauki ƙyallen goge gilashi ya cusa a aljihu, ya ja ƙofa ya kulle. Ya shiga shagon mai aski ya ce a sauko masa da hoton uban mai askin da ke rataye saman madubi. Ya fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya goge gilashin, ya jingina shi da benci, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa da suka sha duniya. Ba tabarau, ba mai leƙa masa. Ya ce wa mamacin da ke cikin hoton ya tsaya haka, ya danna. Daga nan ya shiga wurin tela.

Hoton mahaifiyar Sista ya tafi, wannan ba mai dawo da shi, kuma Baba bai ce zai dawo da shi ba. Abin da ya ce shi ne duk hoton da ya taɓa wankewa ya miƙa wa mai shi yana rataye a bangon wani, ko yana ƙasan akwatin wata, kuma zai bi su gida-gida ya kwaso abinsa ko da zai mutu a kan hanya. Masu cewa tsoho ya zautu, ko cika baki ne irin nasa, ba sai an yi dogon zance da su ba. Mutum ya koma gida yau, ya sauko da hoton kakarsa daga bango, ya cire shi daga gilashi ya juya bayansa, ya duba hatimin wa ke wurin. In ba na Tsaya-Haka ba ne, ya zo har shago ya faɗa masa a fuska. In kuwa nasa ne, to ya goge ƙurar ya ajiye kusa, yana nan tafe.